Hasken Da Ke Fitowa Daga Bakin Baƙin Rami

Jama'a, malamai da ɗalibai, darasin da na kawo muku a wannan fitowa na ilmin taurari ne, kuma da tambaya zan fara shi. Masana sun ce akwai wani abu a sararin sama da a ke kira baƙin rami, wanda kome ya faɗa cikinsa ba ya fitowa, har haske kansa. Su ɗin dai kuma sun ce wuraren da suka fi ko'ina haske a sama, a bakin irin ramukan nan su ke. To, yaya maganganun nan biyu za su zama gaskiya gaba ɗaya? Yaya kuma aka yi aka auna abin da ba ya fid da haske, har aka san yana juyawa? Wata rana yaro mai wayo zai yi muku wannan tambaya a aji, kuma cewa "haka aka rubuta a littafi" ba za ta fisshe ku ba. Saboda haka ina so mu bi hujjar daki-daki, don ku ga inda kowace magana ta samo tushe.

Rami da birni

Taurari ba a warwatse su ke barkatai ba. Suna zaune ne gungu-gungu, kowane gungu da taurari miliyan dubbai. Masana suna kiran irin gungun nan galaksi, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa birnin taurari. Ranarmu tauraruwa ce guda a cikin irin birnin nan, wanda haske kan yi shekara kamar 100,000 kafin ya ratsa shi. Ku tuna kuwa gudun haske mil 186,000 ne a daƙiƙa ɗaya.

Baƙin rami kuwa, abu ne mai nauyi wanda aka matse cikin ɗan wuri, har ƙarfin jan da ya ke yi wa abin da ke kusa da shi ya kai matuƙa. Cikin 1915 Albert Einstein ya fito da bayaninsa na yadda nauyi ke jan abubuwa, cikin 1916 kuma wani Bajamushe, Karl Schwarzschild, ya yi lissafin iyakar da in an ƙetare ta ba dawowa. Iyakar nan ita zan riƙa kira bakin rami. Da za a matse duniyarmu ta zama baƙin rami, faɗinta ba zai kai inci ɗaya ba. Da rana ce, daga tsakiya zuwa baki kusan mil 2 ne. In nauyi ya ninka sau goma, nisan nan shi ma sai ya ninka sau goma.

Akwai ƙananan ramuka, watau gawar manyan taurari, masu nauyin rana goma ko ashirin. Akwai kuma ƙatta, waɗanda ke zaune a cibiyar kusan kowane babban birnin taurari. Na birninmu ya kai nauyin rana miliyan 4. Na birnin da a ke kira M87, wanda aka nuna hoton inuwarsa cikin 2019, ya kai nauyin rana miliyan 6,500. Ƙattan nan su ne abin maganarmu. Galibinsu shiru su ke, don ba su da abin ci kusa. Amma kaɗan daga cikinsu suna cikin ci, cibiyar birninsu kuwa tana ruruwa, wani lokaci har haskenta ya danne na dukan taurarin birnin. Wani Ba'amurke, Carl Seyfert, ya bayyana irin biranen nan cikin 1943. Cikin 1963 kuma Maarten Schmidt ya gano cewa wani ɗan ɗigo mai kama da tauraruwa, 3C 273, nisansa ya wuce tafiyar haske ta shekara miliyan 2,000, alhali haskensa ya fi na birninmu duka sau ɗari ko fiye. Irinsa su a ke kira kwasar.

Faifan da ke kewaye da rami

Daga ina wannan wuta? Cikin 1964 Edwin Salpeter a Amurka da Yakov Zeldovich a Rasha, kowa da kansa, suka ce daga abin da ke faɗawa rami ne. Donald Lynden-Bell na Ingila ya ƙarfafa maganar cikin 1969. Cikin 1973 Nikolai Shakura da Rashid Sunyaev suka tsara lissafin da har yau a ke aiki da shi.

Ga yadda abin ya ke. Iskar gas da ƙura da ke gangarowa wajen rami ba sa faɗawa kai tsaye, domin kowane yana zuwa da ɗan gudu na gefe. Ku dubi dutse cikin majajjawa: igiya tana jansa wajen hannu, amma gudunsa na gefe ya sa sai kewaya ya ke yi. Haka gas ɗin ke taruwa yana kewaya ramin, ya baje kamar faifai. Zoben ciki ya fi na waje sauri, kamar yadda duniyar da ta fi kusa da rana kan gama kewayenta cikin kwana 88, tamu kuwa sai kwana 365. Da ya ke saurinsu ya bambanta, sai zobe ya riƙa gugar zobe, maganaɗisun da ke cikin gas ɗin kuma yana harɗe su yana daɗa tsananta gugar. Wanda ya taɓa murza tafin hannunsa da hunturu ya san abin da guga ke haifarwa, watau zafi. Gugar nan kuma ita ke rage wa gas ƙarfin kewaya, ya yi ta zamewa ciki sannu sannu. Kafin ya kai zoben ƙarshe, gudunsa ya kai wajen rabin gudun haske.

Ashe ke nan hasken ba daga cikin ramin ya ke fitowa ba. Na abincin ne, tun yana waje, kafin a haɗiye shi. Ku duba kuma ribar wannan murhu. Rana, in ta sarrafa fam 1,000 na makamashinta, abin da ke zama haske da zafi fam 7 ne kawai. Faifan baƙin rami ya kan mai da kamar fam 60 cikin 1,000 haske, in kuwa ramin mai juyawa ne da sauri, a lissafi ya iya kai wajen fam 400. Shi ya sa cin da bai wuce nauyin rana ɗaya ko biyu a shekara ba ya isa ya kunna kwasar.

Hasken eksire

Hasken da ido ke gani, watau launukan bakan gizo daga ja zuwa shunayya, ɗan yanki ne ƙanƙane na irin hasken da ke akwai. Gaba da shunayya akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata. Gaba da shi kuma sai hasken eksire, wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wilhelm Rontgen ya gano shi a Jamus cikin 1895. Haske kan zo ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da nata ƙarfi. A ma'aunin masana, wanda su ke kira ilektiron-bolt, ƙwayar hasken da ido ke gani tana tsakanin 2 da 3, ta eksire kuwa ɗaruruwa ce zuwa dubbai. Ku riƙe wannan ma'auni, za mu komo kansa.

Iskar da ke lulluɓe da duniya tana shanye eksiren da ke zuwa daga sama, saboda haka tilas sai an ɗaga na'ura sama da ita. Ran 18 ga Yuni 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka a Amurka, ta yi 'yan mintoci a sama, ta gano eksire na farko da ya fito daga wani wuri can nesa da rana da duniyoyinta. Ran 12 ga Disamba 1970 aka harba tauraron ɗan Adam na farko wanda aka yi musamman don wannan aiki, daga wani dandali cikin teku a gaɓar Kenya. Ranar ta zo daidai da ranar samun mulkin kan ƙasar, don haka aka sa masa suna Uhuru, watau 'yanci da harshen Suwahili. Uhuru ya ga eksire daga 3C 273 da wani birni mai ruruwa, NGC 4151. Wani tauraron Ingila, Ariel 5, wanda aka harba daga dandalin nan dai cikin 1974, ya nuna cewa fid da eksire halin biranen Seyfert ne baki ɗaya.

Hujja ta farko: ƙyaftawar haske

An lura cewa eksiren biranen nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. A waɗansu ya kan ninka ko ya ragu da rabi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Bari in ba ku misali. In mai shela zai yi awa guda kafin ya ratsa gari, ba yadda za a yi mutanen garin duka su amsa kiransa cikin minti goma. A sama ba mai shelar da ya fi haske sauri. Saboda haka abin da zai sāke haskensa duka cikin awa ɗaya, faɗinsa ba zai wuce tafiyar haske ta awa ɗaya ba. Ku buga lissafin: 186,000 sau 3,600 ya ba da mil kusan miliyan 670, wanda bai kai nisan da ke tsakanin rana da duniyar Zuhal mai zobe ba. Wutar da ta kai ta taurari miliyan dubbai tana fitowa daga ɗan wurin nan. Ba wani murhu da aka sani da zai iya wannan sai faifan baƙin rami.

Wata matsala, da maganinta

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga ƙarfe ya yi ja, in aka daɗa zuga ya yi fari. Launin haske yana bin zafi. Fuskar rana tana da digiri kamar 5,500. Don abu ya riƙa fid da eksire saboda zafinsa kaɗai, sai ya kai digiri miliyoyi.

A nan lissafin Shakura da Sunyaev ya zo da abin mamaki: faifan ƙaton rami bai kai na ƙaramin rami zafi ba. Dalili kuwa, shi ƙaton faifansa yana da fili ƙwarai, zafin ya bazu. Ƙa'idar ita ce, in kowane rami yana ci gwargwadon girmansa, to, duk sa'ad da nauyi ya ninka sau 10,000, zafin faifai sai ya ragu sau goma. Rami mai nauyin rana 10, faifansa kamar digiri miliyan 10 ne, yana fid da eksire da kansa. Mai nauyin rana 100,000, digiri miliyan 1. Mai nauyin rana miliyan 1,000, digiri 100,000 kaɗai. Wannan zafi hasken gaba da shunayya ya ke bayarwa, kuma shi aka tarar ya fi yawa cikin hasken kwasar. To, eksire mai ƙarfi da a ke gani fa, daga ina?

Amsar da masana suka tsaya a kai, wadda Francesco Haardt da Laura Maraschi na Italiya suka tsara cikin 1991, ita ce kusa da tsakiyar faifan akwai wani siririn gajimare na ilektiron, watau 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke kewaye da cibiyar kowace ƙwayar zarra. Zafinsa ya kai digiri miliyan 1,000. Suna kiransa korona, ma'anar kalmar kuwa kambi, don haka kambi zan ce. Ƙwayar haske mai rauni ta taso daga faifai ta shiga kambi, sai ta yi karo da ilektiron mai tsananin gudu. Ku ɗauka ƙwallo ce tana gangarowa a hankali ta gamu da ƙafar ɗan wasan da ya sheƙo a guje. Karo bayan karo ƙarfinta na ƙaruwa, har ta fito ta zama eksire. Faifai ke ba da ƙwallo, kambi ke bugawa.

Hujja ta biyu: tambarin ƙarfe

Kambi kamar fitila ya ke bisa daɓe. Wani sashi na haskensa ya nufo mu, wani kuma ya haska faifan da ke ƙarƙashinsa. Cikin gas ɗin faifan akwai ɗan baƙin ƙarfe, irin wanda maƙeri ke ƙira da shi, sai dai a watse ya ke ƙwaya-ƙwaya. In eksire ya bugi ƙwayar zarra ta ƙarfe, ya kan fizge ilektiron guda daga can ciki, wani ya faɗo ya cike gurbin, ya saki ƙwayar haske mai ƙarfin 6,400 a ma'aunin nan namu. Ko'ina aka gwada, adadin ke nan. Ya zama tambarin ƙarfe. In aka jera eksiren da ya iso bisa ga ƙarfinsa, kamar yadda bakan gizo ke jera launuka, sai a ga siririn layi daidai kan 6,400.

Amma in ƙarfen yana kewaya baƙin rami ne, abu uku za su karkata layin. Na ɗaya, kun san kukan jirgin ƙasa kan yi tsini sa'ad da ya nufo ku, ya yi kauri in ya wuce. Haka hasken gefen faifan da ke nufo mu kan ƙaru da ƙarfi, na gefen da ke guje mana ya ragu. Na biyu, abin da ke gudu kusa da gudun haske ya kan tattara haskensa gabansa, saboda haka gefen da ke nufo mu ya fi haske. Na uku, hasken da ya taso daga kusa da bakin rami kamar mai hawowa daga rijiya mai zurfi ne. Gudunsa ba ya raguwa, amma ƙarfinsa na raguwa. In aka haɗa ukun, layin zai baje, da tsini a gefe ɗaya, da doguwar wutsiya wajen rauni. Andrew Fabian na Jami'ar Kambirij da abokansa sun zana wannan siffa da lissafi cikin 1989, tun ba a iya ganinta sosai ba.

Cikin 1994 tauraron Japan mai suna ASCA ya yi kwana huɗu yana duban wani birni, MCG-6-30-15, mai nisan tafiyar haske ta shekara fiye da miliyan 100. Cikin 1995 Yasuo Tanaka da abokan aikinsa suka bayyana abin da aka samu. Layin ƙarfe ya baje, wutsiyarsa ta sauko har wajen 4,000, faɗinsa kuwa ya nuna gudun da ya kai sulusin na haske. Abin da aka faɗa tun da fari shi aka gani. Ina so ku lura da wannan tsari, gama shi ne ƙashin bayan kimiyya: a faɗi abin da ya kamata a gani in maganar gaskiya ce, sa'an nan a je a duba.

Wutsiyar nan tana da wani labari kuma. In rami ba ya juyawa, faifai ba ya iya matsowa kusa fiye da ninki uku na nisan da ke tsakanin cibiya da baki. Daga nan sai faɗawa. In kuwa yana juyawa, bisa lissafin da Roy Kerr, mutumin Niyu Zilan, ya fitar cikin 1963, faifan ya kan matso har dab da baki. Iyakar kusantarsa, iyakar tsawon wutsiya. Da haka ne cikin 2013 aka haɗa taurari biyu, NuSTAR na Amurka da XMM-Newton na Turai, aka auna ramin birnin NGC 1365, aka tarar juyawarsa ta kai aƙalla kashi 84 cikin 100 na iyakar abin da lissafi ya yarda.

Hujja ta uku: amsa-kuwwa

In ka yi kira gaban dutse, muryarka ta kan dawo bayan ɗan jinkiri, daga jinkirin kuwa za ka san nisan dutsen. Haka nan, in kambi ya yi walƙiya, hasken da ya nufo mu kai tsaye shi ke fara isowa, wanda ya bi ta kan faifai ya biyo baya. Cikin 2009 Fabian da abokansa suka auna jinkirin nan da XMM-Newton a birnin 1H0707-495, suka sami daƙiƙa kamar 30. Haske kan yi mil miliyan biyar da rabi cikin daƙiƙa 30, alhali tsakaninmu da rana mil miliyan 93 ne. Ashe kambin a gindin ramin ya ke ƙwarai. Cikin 2021 kuma Dan Wilkins na Jami'ar Stanford ya sami amsa-kuwwar da ta taso daga sashin faifan da ke bayan rami, a birnin I Zwicky 1. Kamata ya yi ramin ya tare ta, amma nauyinsa ya lanƙwasa hanyar hasken har ya zagayo gare mu, daidai yadda bayanin Einstein ya ce.

Amfanin sanin wannan

Ramuka da yawa ƙura ta rufe su, madubin hangen nesa irin na ido ba ya ganinsu. Eksire mai ƙarfi kuwa yana ratsa ƙura kamar yadda ya ke ratsa tsoka, don haka da shi a ke ƙidayar ramukan da ke ci. Tauraron Chandra, wanda aka harba cikin 1999, ya nuna cewa yawancin eksiren da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama na irin ramukan nan ne masu nisa. Har wa yau, ƙarfin da ke fitowa daga bakin rami ya kan zafafa gas ɗin birni ko ya kore shi, gas ɗin nan kuwa da shi a ke haifar sababbin taurari. Watau ɗan wurin nan yana da hannu cikin girman birni duka. Ramin birninmu ma, ko da ya ke yanzu shiru ya ke, an ga amsa-kuwwar eksirensa jikin gizagizan gas da ke kusa da shi, kuma awon da tauraron IXPE ya yi, wanda aka bayyana cikin 2023, ya nuna ya yi wata babbar walƙiya kamar shekara 200 kafin hasken da mu ke gani yanzu.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ba wanda ya leƙa cikin ramin, amma ƙyaftawar haske ta faɗi girman wurin, tambarin ƙarfe ya faɗi gudu da zurfi, amsa-kuwwa ta faɗi nisa. Shaidu uku ne daban-daban, bakinsu kuwa ya zo ɗaya.

Aiki don aji

Ku da za ku fita koyarwa, ga abu uku da ba sa bukatar kuɗi. Ku ɗaura ɗan dutse a zare, ku zura zaren cikin guntun gora, yaro ya riƙa juya shi, wani kuma ya ja zaren daga ƙasa, su ga yadda saurin ke ƙaruwa in kewayen ya ƙanƙance. Ku dama ruwa cikin daro, ku barbaɗa dusa, su kwatanta saurin ta ciki da ta gefe. Ku kai su gaban dogon bango su tafa hannu, su yi ta ja da baya suna sauraron jinkirin amsa-kuwwa. Sa'an nan ku gwada kanku da tambayoyin nan:

1. Rami mai nauyin rana miliyan 100, mil nawa ne daga cibiyarsa zuwa bakinsa? Ku kwatanta da nisan rana da duniya.
2. In eksiren wani birni ya ninka cikin minti 10, mene ne iyakar faɗin wurin da ya ke fitowa?
3. Don me faifan ƙaton rami ke bukatar kambi kafin a sami eksire mai ƙarfi, alhali faifan ƙaramin rami yana fid da eksire da zafin kansa?

Wanda ya warware su, ya kawo mini amsarsa a rubuce, tare da hanyar da ya bi. Hanyar na fi so in gani.